Sabuwar zuwa Jidda: in auno kayan ɗakina daga Kano ko in bi tsarin garin?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Baƙuwarku ce daga Kano, na biyo maigida da ke aiki a wani asibiti a nan Jidda. Mun kama shigga, wato sashen haya a gidan bene, a unguwar Safa, hawa na uku. Ni tun ina 'yar makaranta ba abin da ke ɗauke min hankali irin tsarin ɗaki da zanen gini. Ban karanta shi ba, sha'awa ce kawai, amma duk amaryar da za a kai a danginmu ni ake kira jere. To ga ni yau a gidan da bango fari fat, tayil fari, fitila fara mai kashe ido, tagogi 'yan ƙanana da gilashin da ba a ganin waje. Kicin ko kabad ɗaya babu, famfo ne kawai ya leƙo daga bango. Mamallakin gidan ya ce kada a huda masa bango. Shi kuma Baban Ilham cewa yake mu je IKEA, kantin kayan ɗaki, rana ɗaya mu kwaso komai a huta. Raina bai kwanta ba. Shin in sa a auno min kayana daga gida, tumtum da tabarmi da fayafai da zannuwan Ƙofar Mata, ko in haƙura in bi yadda mutanen garin ke yi? Sannan ina mai irin sha'awata ke zuwa ya ba idonsa abinci a garin nan? Don ni har yanzu daga manyan kantuna sai kwalta nake gani.

Baban Walid:
Wa alaikumus salam. Barka da zuwa, Allah ya sa an shigo a sa'a. Kafin a kai ga ado, an yi rajistar yarjejeniyar hayar a Ejar, shafin gwamnati na rajistar haya? In ba a yi ba kada ki sayi ko cokali. Maganar kicin kuwa ba cutarku aka yi ba, haka yawancin gidajen haya suke a nan. Ɗan haya ke sa kicin ɗinsa da mukayyif ɗinsa, wato na'urar sanyaya ɗaki, ranar tashi ya kwance ya tafi da su ko ya sayar wa mai shigowa. Kuma ki tausaya wa aljihun bawan Allah. Duk abin da kika saya sabo akwai harajin kashi 15 a kai tun 2020, ga riyal 400 na kuɗin zaman iyali da yake biya kowane wata a kanki, wani 400 ɗin a kan Ilham.

Maman Ilham:
An yi rajistar, Alhaji. Aljihun kuma kullum sai an tuna min da shi, ba na mantawa.

Injiniya Kabiru:
Hajiya, ajiye maganar saye tukuna. Ki sa maigida ya kai ki Balad bayan la'asar, ku shiga ta Bab Makka ku bi Suƙul Alawi da ƙafa. Nan ne tsohon garin, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Ganuwa ce ta kewaye shi har zuwa 1947 da aka rushe ta, shi ya sa gidajen suka yi ta hawa sama, hawa huɗu, hawa biyar, tunda fili ya ƙare a ciki. Da dutsen murjani aka gina su, wanda ake haƙowa a gaɓar Bahar Maliya. Dutse ne mara ƙarfi sosai, don haka duk bayan 'yan layuka sai magini ya shimfiɗa katako a cikin bangon, ya ɗaure shi, ya raba masa nauyi. In kin ɗaga kai za ki ga layukan katakon kwance a jikin bango. Sai kuma rawashin (guda ɗaya roshan), tagogin katakon nan da ke turowa waje su rufe fuskar gida. Katakon ba na ƙasar nan ba ne, jiragen ruwa ke kawo shi daga Indiya da tsibirin Jawa, kuɗin kuma na fatauci ne da hidimar alhazai, musamman bayan an buɗe mashigin Suwes a 1869.

Kowa sassaƙar yake ɗauka a hoto. Ke ki tsaya ƙarƙashin guda ki dubi aikin da take yi. Tana tare rana, tana tace iskar teku ta shigo da ita, matar gida na zaune a cikinta tana ganin duk wanda ya gifta ba wanda ya gan ta, har tulun ruwa ake ajiyewa a bakinta iska ta sanyaya shi. Tagar da kike kuka da ita a Safa ita ma sutura aka nema da ita. An samu suturar, amma an rasa iska, an rasa haske, aka ɗora wa mukayyif sauran aikin.

Ki nemi Baitu Nasif ma. An gina shi tsakanin 1872 da 1881, nan Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shigo Jidda a 1925. Akwai tsohuwar bishiyar darbejiya a ƙofarsa, ba za ki ɓata ba.

Hajiya Rabi 'yar Makka:
Ikon Allah. Mu da aka haifa a ƙasar nan, Balad wurin sayen yadi da turare da araha ne, wurin da 'ya'yanmu ke dako. Yau ya zama wurin da ake zuwa da kyamara. Allah mai juya zamani.

'Yata, ki saurare ni. Kakata ta ƙasa ta zo, daga ƙasar Haɗeja ta bi ta Chadi ta bi ta Sudan, ana tafiya ana tsayawa noma a tara guzuri, shekaru a hanya. Abin da ta iso da shi bai wuce ƙunshi ɗaya ba. Amma har ta rasu a Shara Mansur ɗakinta ɗakin Bahaushiya ne: kwalla da samira a jere har sama, gado mai rumfa, faifai a kan kowane kwano, turaren wuta ba ya yankewa. Larabawan maƙwabta har shigowa suke yi kallo. Ki auno kayanki. Ranar da kewar gida ta kama ki, ba kujerar Turawa ce za ta rarrashe ki ba.

Malam Habu kafinta:
Hajiya Rabi, Allah ya ja kwana, maganarki gaskiya ce amma Makka ba Jidda ba ce. Makka zafinta busasshe ne, kusan irin namu na bazara. Jidda laima ce. Na daɗe ina aikin katako a garin nan, na san abin da take yi wa kaya. Duk lokacin da mutane suka tafi hutun shekara suka kashe mukayyif suka kulle gida, in sun dawo ni ake kira. Fata ta yi fumfuna, ƙofar durowa ta kumbura ta ƙi rufuwa, allon garin katakon nan da ake matsewa da gam ya sha ruwa ta ƙasa ya buɗe. Tumtum na fatar Sakkwato in za a kawo a kawo biyu, ba shida ba, kuma kada a cusa shi da tsumma, a sa soso, a riƙa fitar da shi yana shan iska. Zanen shuni kuma kada ya taɓa farin bango ko farar kujera, zai bar shaida, ranar tashi a cire muku daga kuɗin ajiya. Tabarma da faifai ba ruwansu, su kawo su duka.

Kicin ki yi na alminiyam, shi mutanen garin ke yi, ba don ya fi kyau ba. Ba ya kumbura, kyankyaso ba ya samun wurin ɓuya, kuma ana kwance shi a ɗaura a wani gidan.

Maman Ilham:
Malam, na alminiyam ɗin nan da na gani a gidan maƙwabciyata ai kamar kantin magani yake. Ba yadda za a yi da shi?

Malam Habu kafinta:
Akwai. Jiki alminiyam, ƙofofi a zaɓi launi mara ƙyalli, hannaye a canza su. Matsalar mutane suna karɓar abin da mai shago ya nuna musu na farko.

Abba Direba:
Ni dai ginin da ya fi min kyau a Jidda shi ne wanda ke da wurin ajiye mota. Balad ɗin da Injiniya ke yabo, ka kai fasinja can daren Juma'a ka ga yadda za ka fito. Amma Anti, in kallo kike so kyauta, shatale-talen garin nan kaɗai sun ishe ki. Akwai mai ƙaton keke, akwai mai jiragen ruwa, akwai mai duniya. Mu da su muke kwatance, ba mu san sunan titi ba.

Injiniya Kabiru:
Abba, kana wasa amma ka taɓo babban abu. Wannan aikin Muhammad Sa'id Farsi ne, magajin garin Jidda daga 1972 zuwa 1986, shi kansa zanen gini ya karanta. Shi ya cika garin da ayyukan sassaƙa, har da na Henry Moore da Joan Miró da Alexander Calder, waɗanda a Turai sau da yawa sai ka sayi tikiti ka shiga gidan tarihi kafin ka gan su. An tattara wasu a fili ɗaya a bakin teku wajen Hamra. Keken kuma aikin Julio Lafuente ne, ɗan Sifaniya.

Malama Sa'a:
Injiniya, a gafarce ni, waɗannan ba su shiga hukuncin gumaka ba? A ƙasar Harami kuma?

Injiniya Kabiru:
Malama, fatawa ba fagena ba ne, ku ne malamai. Abin da ido ya gani dai, mafi yawansu ba surar mutum ko dabba ba ce: siffofi ne kawai, da fitilu, da tuluna, da rubutun Larabci, da tsofaffin injuna.

Ɗan Damagaram:
Ni abin da ke ci min rai daban ne. Duk wanda ya zo ƙasar nan sai ya riƙa magana kamar mu ba mu gaji gini ba. Na je Dir'iyya kusa da Riyad, unguwar Turaif da UNESCO ta karɓa a 2010. Wallahi ginin ƙasa ne, irin wanda muke rushewa a Birnin Damagaram mu sa bulo da kwano. Sun gyara shi, sun sa masa fitilu, mutane na layi su shiga. Mu kuwa muna da bakan gizo, muna da zanko, muna da zanen dagi a fuskar soro, muna da makuba da ke hana ruwa cin bango. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Mika'ilu ya gina tun ƙarni na 19, har yau masana na zuwa su auna bakansa. A ƙasarmu Nijar, masallacin Yama a jihar Tawa, Falke Barmu ya fara shi a 1962, manomi ne kuma magini, bai shiga jami'a ba, ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gini a 1986. Don haka ƙanwata, kada ki shiga Balad da kai a sunkuye. Ki shiga a matsayin wadda ta fito daga gidan magina.

Injiniya Kabiru:
Ban musa ba ko kaɗan. Kyautar da Falke Barmu ya ci ita ce dai wadda Madinatul Hujjaj, zangon alhazai na filin jirgin Jidda, ta ci a 1983, shekara biyu bayan buɗe ta. Duk alhajin Najeriya da Nijar ya kwana ƙarƙashin rumfunan nan yana jiran jirgi, amma 'yan kaɗan ne suka ɗaga kai. Rumfa 210 ce ta wani yadi na zaren gilashi, injiniyanta Fazlur Khan, haifaffen Dhaka. Rufin na mayar da zafin rana, yana barin haske ya ratso, iska mai zafi na fita ta ƙoƙon kowace rumfa, gefe kuma a buɗe. Babu bangon da za a ce sai an sanyaya abin da ke cikinsa. A can ake yin babban baje kolin fasahar Musulunci, an yi na farko a 2023, na biyu a 2025. In an sake buɗewa kada ki bari ya wuce ki.

In kuna yawo bakin teku kuma ki nemi ƙananan fararen masallatan Abdulwahid al-Wakil, Bamisire, almajirin Hasan Fathi. Da jan bulo ya tayar da ƙubbobinsu, bango ke ɗauke da nauyin rufi yadda magabata ke yi. Ɗaya daga cikinsu ya ci kyautar a 1989. Sai dogon ginin Bankin Ahli kusa da Balad, na 1983, mai kusurwa uku. Ki zagaya shi ki nemi taga a jikin bangon waje. Babu. Manyan ramuka uku aka huda, tagogin duk suna kallon ciki, suna cikin inuwa. Ba'amurke ne ya zana shi, amma tunanin tsakar gida ne. Abin da nake ta kewaye-kewaye in faɗa ke nan: mai roshan da mai rumfar alhazai da maginin da ya yi wa kakan Ɗan Damagaram zaure da tsakar gida, tambaya ɗaya suke amsawa, yadda za a samu inuwa da iska da sutura a ƙasar rana. Wanda ya gane tambayar zai iya tsara ɗakin haya ko da ba a bar shi ya buga ƙusa ba.

Usman Maiwurno:
Salamu alaikum. Ni Bahaushen Sudan ne, daga Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, garin da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Yaƙin da ya tashi a Afrilun 2023 ne ya fito da mu, ta Bur Sudan muka hau jirgin ruwa zuwa nan. Ranar da na fara shiga Balad sai da na zauna a bakin wani shago, don Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwanmu ta Sudan, na gani a tsaye. Dutse ɗaya, rawashin iri ɗaya, teku ɗaya ce tsakaninsu, ta nan kakanninmu da yawa suka tsallaka zuwa hajji. Da Turawa suka gina tashar Bur Sudan a farkon ƙarni na 20, fatake suka kwashe suka bar Sawakin. Ba yaƙi ne ya rushe ta ba. Dutsen murjani in ba a shafe shi da farar ƙasa a kai a kai, gishiri da laima sun ishe shi. Yanzu yawancinta tsibin duwatsu ne. Gidan da ba mai kwana a cikinsa ba ya daɗewa, shi ya sa nake tsoron gidajen Balad da aka gyara aka kulle.

Umma Karantina:
Tun ɗazu nake karantawa ina shiru. Kuna ta yabon gidajen attajirai da aka lallaɓa aka shafa musu mai. Mu namu fa? A Karantina aka haife ni, a can na yi aure, a can na aurar. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 aka bi unguwanni ana rushewa, Gulel, Bitrumin, Sabil, Kandara, Hindawiyya, da tamu. Ba zan ce unguwar ba ta da aibu ba, kwata na gudu a lungu, wayoyin wuta a sarƙe, motar asibiti ba ta iya shiga. Amma ƙofa na kallon ƙofa. In na ɗora tuwo maƙwabciya ta san miyar da na kaɗa. Mai ƙosai, mai tsire, mai ɗinkin hula, makarantar allo, duk da ƙafa ake zuwa. Yanzu ɗiyata na kudu, ƙanwata na can hanyar Makka, ni ina hawa na huɗu ban san sunan wadda ke gefena ba. Kuɗin haya kuma ya tashi a ko'ina don kowa ya fito nema lokaci guda. To Injiniya, a karatunku wannan shi ma tsari ne ko ba tsari ba ne? Don ban taɓa ganin an zo ɗaukar hoton lungunmu ba.

Shugaban zaure:
Jama'a, a yi hattara. Kowa ya san ƙasar da muke zaune da dokokinta kan abin da ake rubutawa. Umma ta faɗi abin da ya same ta, mun ji, Allah ya musanya da alheri. Kada wani ya ɗora sharhi a kan hukuma. A tsaya kan maganar ɗaki.

Injiniya Kabiru:
Na ji, shugaba. Umma, amsar da zan iya ba ki a nan ita ce tsari ne, kuma shi ne mafi wuyar zanawa. Lungu mai ƙunci da ke ba da inuwa, dakali a ƙofar gida, shago a ƙasa mutane a sama, abin da ake yabo a Balad ke nan. Bambancin, can akwai katakon Indiya a fuska.

Hajiya Rabi 'yar Makka:
Yauwa. Yanzu ka yi magana.

Maman Ilham:
Umma, Allah ya ba da haƙuri, ya tara ku da alheri. Ni da na zo jiya ina kukan farin bango. In kin yarda ina so in zo in gaishe ki, ki ba ni labarin yadda ɗakunanku suke a can, me ake ajiyewa a ina.

Umma Karantina:
Ƙofa a buɗe take, 'yata. Ki zo da yarinyar. Kwanukana na nan cikin kwali tun tashinmu, ban samu zuciyar jera su ba. Wataƙila ke ki jera min.

Zainab A.:
Anti, ni a nan na tashi, kuma tsarin cikin gida nake karantawa. Shawarata ki daina kallon bangon a matsayin abokin gaba. Fara da fitila: cire fararen ƙwayayen nan ki sa masu ruwan ɗorawa, ki samu fitilar tsaye biyu a kusurwa, ki daina kunna ta saman silin in ba shara za ki yi ba. Rabin kamannin asibitin zai tafi a daren. Sai zama: mutanen nan majalisin ƙasa suke yi, katifu masu tauri a jikin bango da matasai, kuma ya fi dacewa da mu fiye da kujerun da ke cinye rabin falo. A yi miki soson a nan, rigunansa kuma a ɗinka da saƙi ko rinin gida. Kin ga an haɗa biyun ba wanda ya ci wani.

Bango kuma, ki nemi hotunan Ƙaɗɗul Asiri. Zane ne da matan Asir, can kudu wajen Abha, ke yi a bangon ɗakunansu, layuka da kusurwoyi da launuka masu ƙarfi, mace ce ke jagoranta ta gayyato 'yan uwanta su taya ta. UNESCO ta karɓe shi a 2017. Tunda ba a ba ki bango ba, Malam Habu ya yanko miki falankai manya, ki zana dagi ko aska takwas a kai, ki jingina su. Ranar tashi ki ɗauki bangonki ki tafi. Tagar kuma akwai allunan rawashin da inji ke yankawa, ana sayarwa da araha, ki sa ɗaya daga ciki.

Injiniya Kabiru:
Duk na yarda ban da na ƙarshen. Allon da aka manna a kan gilashin da ba ya buɗuwa ba iska yake kawowa ba, hasken da ya rage ma yake cinyewa. Irinsa ne ya cika otal-otal da gidajen abinci, a ce wai an yi tsarin Hijaz. Mu ma muna yi a gida: a yi ginin siminti a dasa masa zanko a kai, a ce ginin gargajiya ne.

Zainab A.:
Yaya Kabiru, kai kana magana kamar ita ce za ta gina gidan. 'Yar haya ce. Ba za ta iya faɗaɗa taga ba, ba za ta iya juya gidan ya kalli teku ba. In allon ya sa ta ji daɗin ɗakinta, laifin me ya yi? Kuma da ba a kwaikwayon nan, yaran da aka haifa a arewacin Jidda da yawa ba za su san siffar ba ma. Ado shi ma aiki ne. Zanen da ke fuskar soron Kano wace iska yake kawowa?

Injiniya Kabiru:
Ba ya kawo iska, amma ba ya toshe ta. Kuma magini ne ya yi shi da hannu a jikin ɗanyen yaɓe, yana faɗa wa mai wucewa ko gidan wane ne.

Malam Habu kafinta:
Ku bari mai abin ya yi magana. Roshan na gaske ƙananan guntaye ne ake fiƙewa a sarƙa su cikin juna, a bar musu ɗan wuri. In laima ta zo katako ya kumbura ya samu inda zai motsa, in ta tafi ya koma, shi ya sa yake shekara ɗari bai tsage ba. Na inji falle ɗaya ne aka huda, shekara kaɗan ya bankare. Zainab, kin ce yana raya siffar, to amma ba ya ciyar da mai sana'ar, mai injin kawai yake ciyarwa. Sai dai ni ba zan hana Hajiya ba. In tana so, kada a manna a taga. A yi shi mai ƙafa, mai naɗewa, a tsayar tsakanin ƙofar shigowa da falo. Gidajen nan kana buɗe ƙofa baƙo ya gama ganin cikin gida. In an tsayar da shi nan ya zama zaure, mai kawo gas ya tsaya a bayansa.

Zainab A.:
Wannan kam na sallama.

Injiniya Kabiru:
Ni ma. A nan yana da aikin yi.

Ɗan Damagaram:
Kafinta ya kayar da masu digiri biyu a zama ɗaya. Falke Barmu na biyu.

Baban Walid:
Ƙarin jan kunne ɗaya, don na ga inda zancen nan zai kai. Gobe ɗaki zai yi kyau, a sa hoto, matan abokan maigida su ce a zo a yi musu, a fara karɓar kuɗi. Iƙamarki, wato takardar zamanki, ta mai rakiya ce, ba ta ba ki izinin sana'a ba, kuma ba a wasa da wannan a nan, abin zai iya shafar aikin mijinki. Ko Injiniya da kike gani sai da ya yi rajista da hukumar injiniyoyi ta ƙasar kafin a sabunta masa tasa. Taimakon 'yar uwa kamar jeren Umma ba komai. In abin ya girma, a bi ta hanyarsa.

Zainab A.:
Gaskiya ne. Amma koyo ba a hana ba. Cibiyar fasaha ta Hayy Jameel da aka buɗe a ƙarshen 2021 suna baje koli da bita, akwai ɗakin karatu da silima, yara ma na da wurinsu. A Balad kuma akwai inda ake koyar da sassaƙar katako da aikin farar ƙasa irin na da. In za ni zan yi miki magana, Anti.

Maman Ilham:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga inda na tsaya: tabarmi da fayafai da zannuwa za su taho, ƙanwata za ta ba wani mai zuwa Umara. Tumtum biyu, kamar yadda Malam ya ce. Gado da firiji da injin wanki na bar wa Baban Ilham ya je inda yake so ya saya, kada a ce na hana shi komai. Falo kuma nawa ne. Abin da ya rage, ina ake samun tsofaffin kaya? Ina son akwatin katako irin na da, mai ƙusoshin tagulla, in yi teburin tsakiya da shi.

Abba Direba:
Kasuwar gwanjo ta Harajin Sawarik, can kudu. Ba abin da babu, daga ƙofar gida har cokali. Amma ki je da wanda ya iya Larabcin ciniki, in suka ji Larabcin Islamiyya a bakinki kuɗin ya ninka. Akwai manhajar Haraj ma a waya, masu barin ƙasar na zubar da kaya da araha, musamman ƙarshen shekarar karatu.

Hajiya Rabi 'yar Makka:
Ni zan raka ta. Ina shigowa Jidda ranar Asabar ta jirgin ƙasa, jikata na da awo. Ba a yi Balaraben da zai cuce ni a ciniki ba tukuna. Abba, ka zo ka ɗauke mu a tashar Sulaimaniyya, kuma kada ka ce min cunkoso.

Malam Habu kafinta:
In kun ga akwatin ku juya shi ku duba ƙasansa. In akwai ƙananan huji da gari-gari na zuba, ƙwaro na ciki, ku bar shi komai arharsa, zai shiga sauran katakon gidan. Hajiya Maman Ilham, ki turo min awon faɗin ƙofar shigowa zuwa bangon da ke kallonta, da tsawon silin. Ki auna ƙofar lif ɗin ma, don hawa uku ne kuma yarana ba sa son matakala.

Abba Direba:
Hajiya, ƙarfe nawa jirgin ke isowa? In bayan la'asar ne sai dai mu bi ta titin Haramain, titin Madina ba ya motsi a lokacin.